Siminti a Garin Da

Tsagar ta fara daga saman katanga, siririya kamar zaren ɗinki. Kafin bazara ta raba, ta buɗe har ƙadangare na shiga ya fito bai karce cikinsa ba. Kowace safiya Magini Mijinyawa yakan zura yatsa a ciki, ya zaro, ya murza abin da ya biyo. Ƙasar ta zama gari. Ta mutu daga ciki. Kuma ya san daga inda ciwon ya shigo: ba daga gefensa ba ne.

Katangar ita ta raba gidansa da na Obadiya kafinta, a wani lungu na Ƙofar Dumi. Shi da mahaifinsa suka gina ta, shekarar da aka fara barin sa ya ɗora tubali da hannunsa. Duk sauran abin da ya gina a garin Bauchi an rushe, ɗaya bayan ɗaya, an sa bulo. Ita kaɗai ta rage tsaye.

Shekara shida da suka wuce, Obadiya ya samu ragowar siminti daga wani aiki. Ya shafe nasa gefen tas, ya zagayo da fara'a yana ba da labari, a zatonsa alheri ya yi.

"Katangar ƙasa numfashi take yi," in ji Mijinyawa. "Ka toshe mata hanci."

Obadiya ya yi dariya. "Haba Magini, zamani ya wuce ƙasa."

Maganar ke nan. Shekara arba'in suna maƙwabtaka, kalma huɗu ta yanke ta. Naman Sallah bai daina shiga can ba, shinkafar Kirsimeti ba ta daina shigowa nan ba, amma mata ne ke aikawa. Tsofaffin biyu ko sannu. Kowace yamma Mijinyawa yakan ji ƙwanƙwasar kafinta ta bayan katanga, ƙwas, ƙwas, ya tsuke baki ya juya tabarmarsa.

Ranar Litinin mota ta juye yashi a ƙofar gida. Mansir, babban ɗansa, ya shigo ya durƙusa.

"Baba, ranar Asabar masu bulo za su zo."

"Wa ya kira su?"

"Ni. Yara na wasa a gindinta, nan da can. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. In ta faɗa wa ɗan wani, me za mu ce?"

"Za ta gyaru. Na jiƙa makuba." Ya nuna duron da ya cika da ɓawon ɗorawar da aka kawo masa daga Zungur, ruwan ya yi ja ya yi danƙo, irin wanda ake yaɓe da shi don kada damina ta ci gini.

"Ta gefe ɗaya? Kai ka koya mini ba a yi wa katanga magani ta fuska ɗaya." Mansir ya sunkuyar da kai. "In ka shiga gidan Baba Obadiya ka gyara can, wallahi zan sallami masu bulo. In ba haka ba, ka yi mini haƙuri."

Mijinyawa ya dubi bakin zaure. Ƙofar Obadiya taku goma sha biyu ce daga zaurensa. Da a ce masa ya taka zuwa Zungur ya dawo, da ya fi masa sauƙi.

Ranar Laraba bayan azahar, Kubura ta sauka daga keke da jaka a kafaɗa. Ita ce 'yar Mansir ta fari. Ta gama karatun kwamfuta, tana aiki da wasu abokanta a wani ɗaki a saman shaguna a Wunti. A duk gidan ita kaɗai ke iya zama kusa da tsohon in ya ɗaure fuska.

"Angona, yau kuma wa ya taɓa ka? Fuska kamar an kwace maka gona."

"Amaryar banza. Ba tuwo, ba miya, sai allo mai haske."

"Allon ne zai ciyar da kai. Matsa mini."

Ta zauna a bakin tabarma, ta buɗe kwamfutar a kan turmi. Wasa suke ƙerawa, in ji ta. Babu harbi a ciki, babu tsere. Ɗan mutum ake ba ka ka raya shi: ya ci, ya yi barci, ya yi sana'a, ya yi aure, ya tsufa.

"Mai rai me zai yi da wasan rayuwa?"

"Kai da kana yaro ba ka gina ɗakin wasa da laka ba?"

Ya gina. A irin wannan ɗakin ne mahaifinsa ya fara gane hannunsa.

Garuruwa biyu suka yi, ta ce, Garin Yau da Garin Da, amma ɗaya kawai za su iya ƙarasawa. Sun ba mutane sun gwada. A Garin Yau sai su wuni. A Garin Da sai su zagaya, su ce kai, ya yi kyau, su fita. Abokin aikinta Ja'afaru ya ce a jefar da shi.

"Ni kuma na ce sai na tambayi wanda ya ga wutsiyar zamanin da da idonsa. Duba ka faɗa mini abin da babu."

Ta fara da Garin Yau. Ɗan mutumin ya tashi da ƙarar agogo, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo. Mijinyawa ya matso.

"Sake."

Ta sake murɗawa.

"Wannan alheri ne," ya ce. "Uwata ta ja guga har kafaɗarta ta karkace. A haka aka binne ta."

Ɗan mutumin ya shiga mota, ya je ofis, ya dawo da firji, ya dawo da kujera, ya dawo da wata kujerar. Kullum da abin da zai saya. A saman kansa akwai layi uku, Kubura ta nuna masa: na yunwa, na gajiya, na kewa. In ɗaya ya ƙare, sai ya kwanta ciwo. Can sai bangon ɗakinsa ya tsage. Ta danna waya. Wani ya sauko daga mota, ya buga guduma sau uku, bango ya haɗe, ya tafi.

"Ɗan gidan wa ne?"

"Ba shi da suna, Kaka."

"An ba shi ruwa?"

"Ba ya sha."

"Hm. Na kewar fa, da me ake cika shi?"

"Da waya. Ya kira wani, ko ya kalli hotuna."

"Wato sai ya shekara bai gaida maƙwabci ba, kuma ya rayu?"

"Har shida ma," in ji ta, idonta a kan allo.

Ya yi kamar bai ji ba. Jika ce, bakinta a wanke yake.

Sai ta buɗe Garin Da. Ganuwa ta bayyana, da rumbuna, da rijiya a ƙarƙashin tsamiya, da maƙera tana hayaƙi. Jakuna na wucewa da mangala. Mata na daka, taɓarya na tashi tana sauka. Babu agogo, rana ce ke tafiya a saman allo. Mijinyawa ya daɗe yana kallo, kuma Kubura ta ga haɓarsa ta ɗan yi laushi. Sai ya gyara murya.

"Ƙarya ce."

"Ina?"

"Duka. Kowa tas, kamar ranar idi. Ina mai kurkunu yana jan ƙafa? Ina gara a jikin rumbu? Ina watan da hatsi ke ƙarewa sabo bai nuna ba? Mu bakwai uwata ta haifa, biyu muka girma. Rayuwar da ba daɗi ba ce, amarya. Kin gina garin da 'yan ofis ke mafarki."

Ta ciro biro tana rubutawa a bayan wata takarda. "Ashe kai ma ɗan zamani ne. Dama ɗakinka ai kwano ne."

"Wannan don yoyo ne. Ƙashina ya tsufa."

A cikin wasan hadari ya taso, ruwa ya sauko. Ya zuba a kan gidajen ƙasa ya gangare kamar a jikin kwalba. Da ya ɗauke, komai na nan yadda yake.

"Tsaya. Ruwan bai ci komai ba?"

"Ba mu sa ba. Mutane ba sa son abu ya lalace."

"Shi ya sa suke fita." Ya ɗaga yatsa. "A wancan garin saye ke riƙe su. Yau firji, gobe kujera. A nan kin cire saye, ba ki sa komai a gurbinsa ba. To me zai fitar da mutum daga gidansa? A da buƙata ce ke fitar da shi. Wuta ta mutu, a maƙwabta ake ɗebowa. Jinka ba ta hawa sai an kira gayya. Ki sa ruwa ya ci gini. Ki sa katanga ba ta gyaruwa sai mutum biyu sun tsaya, ɗaya nan, ɗaya—"

Ya tsaya. Ya sauke yatsan. Kubura ba ta ɗago ba, ta ci gaba da rubutu, ta ƙarasa masa maganar a takarda.

"Zo in nuna maka wani abu," ta ce bayan ɗan lokaci.

Ta bi da ɗan mutumin ta wani lungu, ta shiga wani gida. Mijinyawa bai buƙaci a faɗa masa ba. Ga zanen yatsu uku da mahaifinsa ke ja a kan kowane gini da ya gama, ga ɗan kumburin da shi kansa ya bari a tsakiya saboda ƙuruciya, wanda ya sha mari a kansa. Katangarsa ce. Ya waiwaya ya dubi ta gaskiyar, ya sake duban ta allon.

"Hoto na ɗauke ta, na sa a ciki. Ko Abba ya rushe ta ranar Asabar, tana nan har abada."

"Katangar da ruwa ba ya ci ba katanga ba ce. Hoto ce."

"To, ka ga wannan kuwa?"

Ta ja yatsa. Garin ya juya. Ido ya tashi sama kamar shirwa, ya tsallake katangar, ya sauka a ɗaya gefen. Mijinyawa ya dafa ƙasa, kamar shi aka ɗaga. Shekara shida rabonsa da ganin wannan fuskar ta katangar.

A saman katangar, ƙarƙashin zanen yatsu, akwai wata ɗamara mai launin toka.

"Wannan fa? Siminti a Garin Da?"

Kubura ta kama baki. "Kash. Na manta ban goge ba. Yadda hoton ya zo na liƙa shi. Ranar Juma'a na shiga, Mama Christiana ta buɗe mini." Matar Obadiya ke nan. "Bari in share."

"Bar shi. Matso da shi."

Ta matso da shi har ya cika allon. Ya sa fuska kusa, ya ƙanƙance ido.

Da idonsa ya ga Obadiya ya shafe ta daga sama har ƙasa. Yanzu simintin bai wuce kamu uku ba, a can sama. Duk abin da ke ƙasa an ɓamɓare. Ga sawun cizal, ƙarfen sassaƙa, nan, ƙanana, a jere, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Hannun kafinta ne, wanda ya saba kada ya ji wa katako ciwo. Inda aka cire, an mayar da yaɓen ƙasa, kuma yaɓen ya tsattsage kamar gindin tafki da rani.

"Tun yaushe?"

"Mama ta ce damina biyu ke nan. Kullum da yamma yana ɗan cirewa, a hankali, wai kada ka ji ka ce ya sake taɓa maka gini. Saman ne ya gagare shi. Gwiwa ba ta barin sa hawa tsani."

Mijinyawa ya bi tsattsagewar yaɓen da ido. Tattabara ta sauka a kan duron makuba, ta leƙa, ta tashi.

"Ba ciyawa a kwaɓin," ya ce daga ƙarshe. "Ruwa ya yi yawa. Ko akurkin kaji ba a yi masa wannan aikin."

"Sai a faɗa masa."

"Ki faɗa masa."

"Ni amarya ce, ba 'yar aike ba." Ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. "To, wane gari zan ce wa Ja'afaru ka zaɓa?"

"Ki ɗauko famfon can ki kawo nan."

"Ai sai ya zama ƙarya, Kaka. A da babu famfo."

"Akwai siminti?"

Ta tafi tana dariya har zaure.

Ranar Alhamis bai yi komai ba. Ya zauna a inuwa ya wuni yana kallon tsagar. Da la'asar ta yi sanyi, ƙwanƙwasar ta fara. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Shekara biyu yana jin ta yana cewa ƙofa ake gyarawa, ko ƙafar kujera. Yau ya kasa kunne irin na magini. Ba ƙarar katako ba ce. Katako amsawa yake yi, wannan kuwa haɗiyewa ake yi. Kunnen da ke gane tubali mai rami daga ƙwanƙwasa ɗaya, shi ne ya yi shekara biyu bai gane wannan ba. An ce girman kai rawanin tsiya. Ba a ce yana rufe kunne ba, amma yana rufewa.

Bai juya tabarmar ba. Ta gabas walƙiya ta gilma sau ɗaya, nesa, babu tsawa.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika bokiti da makuba. Ya ɗaura tsohon walkinsa, ya ɗauki damin busasshiyar ciyawa a hammata. Ya fita ta zaure, ya zagaye tulin yashin Mansir ba tare da ya dube shi ba. Taku goma sha biyu ne a da. Yau sha tara ya ƙirga. Ƙafar ce ta gajarta.

Ya yi sallama. Ba a ji ba, ya sake.

Obadiya ya fito yana dogara sanda. Kansa ya yi fari fat. Mijinyawa yana ganin sa a lungu kusan kullum, amma ta wutsiyar ido, kuma wutsiyar ido ba ta ganin tsufa. Suka tsaya. Obadiya ya dubi bokitin, ya dubi ciyawar, ya dubi mai su.

"Ka cika ruwa a kwaɓin," in ji Mijinyawa.

"Shekara shida, Magini. Abin da ka zo da shi ke nan?"

"Da makuba."

Obadiya ya girgiza kai. "Ni kafinta ne. Ƙasa ba ta jin maganata. Na yi mata magana da Hausa, na yi mata da yarenmu, ta ƙi."

"Ba da baki ake yi mata ba. Kawo tsani."

"Wa zai hau? Kai? Da wannan ƙafar?"

"Ta fi taka. Kai ka riƙe."

Christiana ta leƙo daga madafa, ta ga wanda ke tsakar gidanta, ta ce, "Yesu!" a hankali, ta koma ta ɗora ruwan shayi.

Tsanin Obadiya ne ya ƙera shi, ko motsi ba ya yi. Mijinyawa ya hau matakala ɗaya, ya huta, ya hau ta biyu. A ta shida kansa ya zarce katangar. Ya ga gidansa daga sama, kamar yadda shirwar Kubura ta gani: ga turmi, ga duro, ga tabarmarsa 'yar ƙarama a inuwa. Ga Mansir ya fito daga ɗaki da buta a hannu. Ya ɗaga ido ya ga kan mahaifinsa ta gidan Obadiya, ya tsaya cak. Sai ya ajiye butar, ya laluba aljihu ya ciro waya, ya nufi zaure yana neman lambar masu bulo.

Mijinyawa ya sa hannu a kan katangar don ya gyara tsayuwa. Hannun ya nutse.

Ya duba. A daidai inda tsagar ta fara akwai rami mai zurfin kamu, santsi kamar cikin ƙwarya, irin wanda ɗigon ruwa ke haƙawa shekara da shekaru. Ba a gefen siminti yake ba. Ya ɗaga kai ya bi layin da ido. Bakin kwanon ɗakinsa ne, wanda shi da bakinsa ya ce a sa masa, ya leƙo daidai saman ramin.

Ya daɗe yana kallo.

"Magini, me ka gani?" in ji Obadiya daga ƙasa. "Simintin ne ya cinye ta, ko?"

Mijinyawa ya rufe ramin da tafin hannunsa.

"Riƙe tsani da kyau," ya ce. "Miƙo cizal."